Hutun Marka a Unguwar Dosa

Dogon hutun makaranta a Kaduna da ruwa yake zuwa. Ana rufe makarantu wajen ƙarshen Yuli, a koma cikin Satumba, kuma wannan tsakanin shi ne marka, lokacin da hadari ba ya sallama kafin ya shigo. Mutanen da nake aiki da su ta intanet, galibinsu a Turai, su ma a Agusta suke tafiya hutu, su dawo suna labarin rana da bakin teku. In suka tambaye ni yadda nawa ya kasance, nakan ce an sha ruwa. Sai su hau yi mini jaje. Ba su san cewa a wurinmu wannan labari ne mai daɗi ba, in dai ɗakin mutum ba ya yoyo.

Namu yana yi. Baba, Allah ya jiƙansa, ya gina gidan a Unguwar Dosa a farkon shekarun 1980, kuma kwanon da ya buga a lokacin shi ne har bana. Ya yi tsatsa ya koma launin goro. Hajiya ta san kowace kafa da ke jikinsa kamar yadda ta san jikokinta. Da ta ji iska ta juyo daga gabas za ta fara rabon aiki daga inda take zaune: baho a bakin ƙofar falo, bokitin ƙarfe a kusurwar ɗakin baƙi, a janye katifa daga jikin bango. Shekara biyar ke nan da rasuwar Baba, shekara biyar muna cewa bari damina ta wuce a gyara. In damina ta wuce kuma sai a manta, tunda rani ba ya tona asirin rufi.

Bana yara tara aka kawo mana hutu, ga nawa biyu, sha ɗaya ke nan. Huɗu daga Kano, 'ya'yan yayarmu mace. Biyu daga Zariya, na ƙanwata. Uku daga Abuja, na babban yayanmu, wanda Hajiya ba ta faɗin sunansa saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan na Abuja". Na Zariya ba su da wahala, ubansu ya sauke su da safe ya koma kafin azahar. Na Kano a tashar Kawo na tarbe su. Tun daga Kwanar Ɗangora uwarsu take kirana, ta kira a Tashar Yari, ta kira a Jaji, ta kira a Mararrabar Jos, kamar ni ne direban. Na Abuja ta jirgin ƙasa suka zo, na ɗauko su a Rigasa. Wannan ne zuwansu na farko ba tare da iyayensu ba tun bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022. Jirgin ya koma aiki a Disambar wannan shekarar, amma zuciyar uwarsu ba ta koma da wuri haka ba, kuma ban ga laifinta ba.

Kowa da tsarabarsa. Kano ta aiko da alkaki da gurasa da kwalbar man shanu, Zariya da tsakin masara da daddawa, Abuja da katan na taliya da madara, wanda shi ne ya fi amfani ko da yake ba shi aka fi yi wa murna ba.

Mu a zamaninmu ba Kaduna ake zuwa hutu ba, daga Kaduna ake tafiya. Ranar da aka ba da sakamakon jarrabawa, washegari Baba zai kai mu Kawo, ya damƙa mu hannun direban da ya sani, ya ba shi wasiƙa da kuɗin goro, sai Malumfashi. Can ne "gida". Nan wurin aiki ne kawai. Haka kusan kowa a layinmu yake: wannan gidan 'yan Bida ne, wancan 'yan Ilori, na kusurwa 'yan Kagoro, na bayanmu 'yan Biu. In Agusta ya yi sai unguwa ta yi shiru, an kwashe yara an kai su inda aka binne cibiyar iyayensu. Ba abin mamaki ba ne, domin garin kansa haka aka yi shi. Turawa ne suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, sai aikin gwamnati da barikin soja da layin dogo, daga baya kuma masaƙun Kakuri, suka yi ta jawo mutane daga ko'ina. Lokacin da Baba ya zo aiki, Malumfashi ma cikin Jihar Kaduna take. Sai a 1987 aka yanke Katsina. Har ya rasu, in ya ce "zan je gida", ba wannan gidan da ya gina da guminsa yake nufi ba.

A Malumfashi muka koyi abin da Kaduna ba ta koya mana ba. Gwaggo takan tashe mu da asuba, mu bi 'ya'yanta gona, mu dawo ƙafa duk taɓo. Suna yi mana dariya wai ba mu iya riƙe fartanya ba, mu kuma muna yi musu dariya wai ba su taɓa ganin gadar sama ba. A wannan dariyar muka san juna. Yau in na shiga matsala, cikin mutum uku da zan fara kira akwai ɗan Gwaggo, wanda muka yi dambe da shi a kan gasasshiyar masara ina ɗan shekara tara.

Gwaggo ta rasu, gidan Malumfashi an raba shi gida huɗu, kuma ba wanda ya rage a can da zai karɓi yara goma sha ɗaya. Ba mu yi shawara ba, ba mu sa rana ba, sai kawai muka wayi gari 'ya'yanmu in sun ce "gida" Unguwar Dosa suke nufi. Ƙaramar cikin 'yan Abuja, da aka tambaye ta a makaranta ita 'yar ina ce, cewa ta yi 'yar gidan Hajiya.

Ciyar da yara sha ɗaya a wannan zamani ba wasa ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda mudu ya koma. Shi ya sa gidaje da yawa suka daina karɓar 'yan hutu, wasu kuma suka daina aikawa don kada su ɗora wa 'yan'uwa nauyi. Ga kuma lesin hutu, wanda makarantun kuɗi suka mayar kamar zango na huɗu. Yaro ya gama jarrabawa ranar Alhamis, Litinin ya sake saɓa jaka. Ni dai ban taɓa ganin yaron da lesin Agusta ya mayar haziƙi ba, amma na ga da yawa da suka girma ba su san 'ya'yan kawunsu ba sai a hoton biki. Maganin da Hajiya ta samo wa tsadar abinci shi ne fate. Tsakin Zariya, yakuwa da alayyafo daga bayan gida, ɗan gyaɗa, tukunya guda ta ishi kowa har a aika maƙwabta. 'Yan Abuja suka ɓata fuska a ranar farko. A mako na biyu su ne masu kankare ƙanzo.

Da rana ina kulle a ɗaki da kwamfuta, ina roƙon Allah kada a fasa kuka daidai lokacin da nake magana a taro. Da yamma, in an ɗauke wuta kuma hadari ya hana batirin sola cika, sai a bi doka: firji da fitila biyu kawai, ba cajin waya. Daren farko an yi zaman makoki. Daga baya wani ya tono tsohon ludo a ƙarƙashin gadon Hajiya, 'yan Kano suka koya wa sauran carafke da duwatsun da suka tsinto a bakin ƙofa, Hajiya kuma, da aka matsa mata, ta yi musu tatsuniyar Gizo har biyu kafin ta ce bakinta ya gaji. Ba zan ce sun manta da waya ba. Da wuta ta dawo sai ka ji gidan ya yi tsit. Amma sun gano akwai abin yi in babu ita.

Ranar wata Asabar da gari ya washe muka cika Keke uku muka tafi Ƙofar Gamji, wurin shaƙatawar da ke bakin kogi, wanda a hukumance sunan Janar Hassan Usman Katsina yake ɗauke da shi. Na nuna musu 'yar gadar ƙarfen Gwamna Lugga, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a kwance ta a kawo nan. Ba ta burge su ba. Abba, babban cikin 'yan Kano, ya ce gadar Ƙofar Nassarawa ta ninka ta sau ɗari. Kogin ne ya sa su yin shiru. Wanda ya san Kogin Kaduna a watan Maris, duwatsu a waje, yara na tsallakawa, ba zai gane shi a Agusta ba: ja wur, ya cika ya batse, yana tafe da rassan itace da robobi. Na ce musu ana cewa sunan garin daga kada ya samo asali, jam'insa kaduna. Tun daga nan ƙananan suka riƙe mini riga har muka fito. Mutanen Kabala da na Titin Kigo da ke kwana kusa da wannan ruwa su ne suka san marka da gaske. Namu yoyon, in aka gwada, wasan yara ne.

Wani makon muka je Gidan Arewa a Titin Rabah, gidan da Sardauna ya zauna kuma aka kashe shi a cikinsa ranar 15 ga Janairun 1966. Manyan sun saurari mai bayani, ƙananan sun fi damuwa da guje-guje a harabar.

Fitar da ta fi tsaya mini a rai ba ta shaƙatawa ba ce. Hajiya ce ta ce tunda yara sun taru, a kai su su gaida Baban Narayi. Shi ne maƙwabcinmu na kusurwa, mutumin Kagoro, abokin Baba na shekara da shekaru. A gidansa muke cin shinkafar Kirsimeti, 'ya'yansa kuma a gidanmu suke cin naman layya. Bayan rikicin shekarar 2000 ya sayar da gidan ya ƙetare kogi, kamar yadda dubban iyalai suka yi, wasu suka yi kudu, wasu suka yo arewa. Ba faɗa muka yi ba. Baba da kansa ya taya shi ɗaure kaya. Amma tun daga lokacin gada ta shiga tsakani, ziyara ta koma ta rasuwa da ta biki.

Yara shida na ɗauka. A mota na lura 'yan Kano sun yi tsuru-tsuru. Ba su taɓa shiga gidan Kirista ba. Mama ta fito da gudu tana tafa hannu, ta rungume su ɗaya bayan ɗaya tana cewa wannan hancin Alhaji ne, wannan goshin Hajiya ne, da Hausarta da ta fi ta 'yan Abuja nesa ba kusa ba. Ta shimfiɗa mana tabarma da la'asar ta yi, ta nuna mana gabas ba tare da an tambaye ta ba. Baba ya tsufa, ido ya yi rauni. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Ɗana, gidan yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Mangwaron fa?"

"Shi ma yana nan, sai dai ya fara taɓa rufi."

"Ni na kawo wa babanku irinsa daga Kafanchan," in ji shi. Ya yi shiru, sannan ya ce ya taɓa sa jikansa ya kai shi tsohon layin, ya tarar an rushe nasa gidan an yi shaguna. Bai sauka daga mota ba.

Ban gaya masa cewa mu ma dillali ya zo mana har sau uku ba. Filaye a wannan ɓangaren gari sun yi daraja, musamman tun da aka faɗaɗa tituna aka sabunta gadar Kawo. Masu kuɗi suna sayen tsofaffin gidaje irin namu, ba don ginin ba, don ƙasar. Su rushe, su tayar da bene mai hawa biyu su zuba 'yan haya. Kuɗin da aka ambata mana ya isa a raba kowa ya kama wani abu. Shi ya sa maganar kwano ba ta taɓa zama maganar kwano kawai ba. Duk wanda ya ce a gyara rufi, an san abin da yake nufi. Wanda ya ce a dakata, shi ma an sani.

Yaran ba su san wannan ba. Su dai sun ga aikin gida sun ɗauke shi wasa. Mun yashe kwatar ƙofar gida da ta cushe da leda da yashi, Abba da shebur, sauran da tsofaffin bokitai, maƙwabta suka fito aka haɗu har ƙarshen layi. Mun je Panteka aka ƙera mana indararo, yaran suka saki baki suna kallon yadda ake mayar da tsohon ƙarfe murhu da kasko da akwati. A bayan gida kuma akwai masarar da na shuka tun farkon Yuni, layi shida, da kuɓewa a gefe. Kowane yaro ya zaɓi karansa ya ɗaura masa tsumma. Kullum da safe sai an je an duba ko ta yi gemu, har aka yi shari'a gaban Hajiya a kan wani da ake zargi ya sauya tsumma da dare.

A mako na huɗu ruwa ya kwana yana zuba, silin ɗakin baƙi ya jiƙe ya rufto gefe guda. Allah ya kiyaye, yaran suna falo. Washegari Hajiya ta ce a kira mata kowa. Yaya ta zo daga Kano, ƙanwata daga Zariya, na Abuja aka sa shi a waya aka ajiye a tsakiyar tabarma.

Shi ya fara. Ya ce kafinta ya yi lissafin bandir nawa na kwano za a saya, ga katakon da gara ta cinye, ga silin. Zuba wannan kuɗi a gidan da ƙila a rushe baɗi asara ce. Ƙanwata ta ce ba za a rushe gidan Baba Hajiya na da rai ba. Ni na goyi bayanta, amma kowa a wurin ya san ni nake zaune a ɓangare guda na gidan ba na biyan ko sisi, don haka maganata ba ta da nauyin da nake so ta yi. Yaya ba ta ce komai ba sai da Hajiya ta ce, "Ke fa?"

"Hajiya, ni ba na son a sayar," in ji ta. "Amma shekara uku ke nan da rasuwar babansu Abba. Haya ta ƙare a watan goma. Biyu za su shiga babbar sakandare. In na ce ba na bukatar rabona, na yi ƙarya."

Ba wanda ya iya amsa mata. Haƙƙinta ne, Allah ne ya yanka mata, kuma shekara biyar tana kawaici. Abu ne mai sauƙi mutum ya yi ta wa'azin zumunci da gidan gado alhali marayun 'yar'uwarsa ne ke biyan kuɗin wannan zumuncin. Na san gidaje a unguwar nan da aka bar su tsaye "don tunawa da mahaifi", mazan suna ciki, matan suna haya a Rigasa da Hayin Banki, ba mai iya buɗe baki don kada a ce ta cika son abin duniya. Na kuma san waɗanda aka sayar, aka raba lafiya, bayan shekara biyu ba wanda ya san inda zai kai 'ya'yansa gaida kowa. Zumuncin ya koma guruf na WhatsApp, ana tura addu'ar Juma'a.

Hajiya ce ta yanke, a taƙaice kamar yadda ta saba. A kira malamin da ya san rabon gado da wanda ya san kuɗin gida, a ƙiyasta, a fitar mata da tumuninta, kowa ya san nasa a rubuce. Rabon Yaya kuma mu maza biyu mu saya, mu riƙa biyanta kashi-kashi, kashin farko kafin watan goma. Ni kuma daga wannan wata in fara biyan hayar ɓangaren da nake ciki. Na Abuja ya yi shiru har muka ɗauka layin ya yanke, sannan ya ce, "To, Hajiya." Ban san ko ya gamsu ba. Ni kaina da na koma ɗaki na buɗe lissafina, sai da na yi tagumi. Motar da nake tara wa kuɗi ta tafi, ƙila har da ta shekara mai zuwa.

Kafinta ya ce ba mai hankalin da zai yaye rufin gida gaba ɗaya a cikin marka. Ɗaki ɗaya za a yi, a ranar da gari ya yi haske, a fara da sassafe. Aka zaɓi ɗakin baƙi, inda yaran ke kwana. Ranar Talata suka hau tun bayan asuba, shi da yaransa biyu. Zuwa ƙarfe goma sun cire tsohon kwano, ɗakin ya koma tsakar gida, yara na shiga suna kallon sama suna ihu. Wajen ƙarfe ɗaya gabas ta fara haɗewa. Kafinta ya duba, bai ce komai ba, sai dai guduma ta ƙara sauri. Hajiya ta fito da carbi ta zauna a baranda. Ba wanda ya sa su, yaran suka jeru daga inda aka jingine sabon kwano zuwa gindin tsani, manya na miƙawa biyu-biyu, ƙanana na tsintar ƙusa a gwangwani. Ni da Abba muka riƙe tsani. Iska ta taso ta fara kaɗa mangwaro, falle biyu suka rage. An buga na ƙarshe yayyafi na sauka a bayan kafinta, ya sauko jiƙe yana dariya, ya ce a ba shi shayi.

A daren suka ƙi kwana ko'ina sai ɗakin, ko silin babu. Ruwa a kan sabon kwano ƙara gare shi kamar ana kiɗan kalangu a ka, ba mai jin maganar wani. Da na leƙa wajen sha ɗaya, duk sun yi barci a tsibi guda cikin gidan sauro biyu, bokitin ƙarfen yana kife a kusurwa.

Sun tafi a makon farko na Satumba, Hajiya ta ƙulla wa kowa 'yar ledar dafaffiyar gyaɗa da sabuwar ɗari biyar. Masarar da aka ci tare ta layin gaba ce. Layi biyu na baya, da inuwar katanga ta danne, ba su nuna ba sai bayan kwana goma. Hajiya ta sa na karye su, ta ware bisa ga tsumman da ke jikin kowane kara. Na Zariya na ba wani maƙwabci mai zuwa Samaru. Na Kano na kai Kawo na ba direba, na rubuta lambar Yaya a jikin buhun. Na Abuja guda uku ne kacal, kuɗin aika su ya fi kuɗinsu, amma Hajiya ta ce a aika.

Sauran rufin kafinta ya ce sai ruwa ya ɗauke a Oktoba. Dillalin ya sake kira ranar Lahadi, na ce masa ya yi magana da Hajiya.